Baki Ɗaya

Ni ne magatakarda.
Biro a hannu, littafi mai jan bango a cinya,
ranar Laraba, ƙarƙashin dalbejiya a Ajiwa,
mu goma sha huɗu, manoman rani,
kowa da laka a dunduniya,
ba mu zo don mu daɗe ba.

Alhaji Barmo ya gyara murya:
"Bana tumatir za mu zuba, fadamar duka.
Kun ga abin da kwando ya yi bara a Katsina.
Ko da mai magana?"
Ya tambaya yana laluben takalmi da ƙafa.
Tambayar ta zo,
amma ba ta shimfiɗa wa amsa tabarma ba.

Iro ya ce haka ne.
Maiwada ya ce haka ne, ya ɗora wallahi.
"Haka ne" ta zaga mu kamar ƙwaryar fura,
kowa ya kurɓa, ya goge baki, ya miƙa.
Da ta iso kaina,
ni da na ga ɗan ƙwaro mai ruwan toka
a dashen da na gwada a bayan gida,
na ga ganye ya yi zane fari-fari, ya nannaɗe,
sai na tuna injin ban-ruwan da nake ara,
na tuna ko na wane ne.
Na kurɓa.
Na rubuta: "An amince baki ɗaya."
Hannuna ko rawa bai yi ba.

Sharon ya sauka bayan fure.
Kwana tara,
fadama ta koma kamar an bi ta da bakin wuta.
Kwandunan da muka saya bashi
suna jere a bakin hanya, baki buɗe,
ko na miya ba mu tsinta ba.

A wurin jaje harsuna suka warware.
Tanimu ya ce, "Ni fa albasa na so."
Jatau ya ce, "Tun ranar raina ke ɗar-ɗar."
Kuluwa, mai noma kadadar marigayi mijinta,
wadda kullum ke zama daga baya-baya,
ta ce, "Ni na ɗaga hannu.
Kun zaci ƙuda nake kora."
Na ƙirga a ɓoye da yatsu: mu tara ne.
A'a guda tara sun koma gida cikin aljihu,
kowacce tana zaton ita kaɗai ce,
ba ta san tana da 'yan'uwa ba.

Barmo ya cire hula, ya daɗe yana kallon cikinta.
"Me ya hana ku faɗa?"
Kuluwa ta ce, "Alhaji, kai manomi ne.
Ka taɓa ganin dashe ya yi ƙarfi a gindin kuka?"
Bai yi fushi ba.
Ko ya yi, bai nuna ba.

Yanzu ƙaramin cikinmu ke buɗe taro,
ɗan Jatau, mai in'ina,
kuma sai mun jira shi ya kai ƙarshe.
Barmo na can yana cizon leɓe, shi ne na baya.
Duk zama akwai wanda muke ɗora wa gardama,
aikinsa ya nemo ɓaraka ko a shawarar babansa.
Taron da ke tashi kafin shayi ya huce
yau har la'asar yake kai mu.
Iro ya yi zuciya sau biyu, ya dawo.
Bana albasa, attaruhu, kabeji,
tumatir kunya shida kacal.
Riba? Allah masani,
kasuwa ba ta yi mana alkawari ba.

Wani dare na buɗe tsohon shafin,
na kai hannu zan yage, na fasa.
"An amince baki ɗaya."
Ashe gaskiya na rubuta:
baki ɗaya ne ya yi magana,
sha uku ba su buɗe ba.